Na Fasa Komawa Abuja

Assalamu alaikum Yaya Bello,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Anti Rabi da yara. Ya sanyin Jos? Mu nan Gidan Dahala lafiya lau, ƙafar Inna ma da sauƙi.

Ƙarin girman nan da anka yi mini, wanda sai na koma Abuja na bar iyali, na ce na gode, ban zuwa. Abokan aiki suna ta cewa na yi wauta.

Ran Asabar anka yi walimar islamiyyar su Hafsatu. Ka san ɗiyar taka da in'ina, shi ya sa kullum bayan la'asar muke bita tare. Da ta fara karatu gaban jama'a sai harshe ya sarƙe. Ta yi ta dube-dube har ta hango ni, na gyaɗa mata kai. Yaya, sai ga yarinya ta kai ƙarshen sura tsaf! Ta sauko da gudu ta ce, "Baba, da na gan ka sai tsoron ya tafi." Ni kam sai hawaye.

Wallahi ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba. Ka taya mu addu'a Allah Ya ƙara buɗe mata harshe. A gaida kowa da kowa.

Ƙaninka,
Aminu