Kwalaben da Ba Su Fashe Ba

Leskovac, 3 ga Satumba

Yaya Vukašin,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Na ci jarrabawar akanta. Bayan shekarun da na kwashe ina cusa barkono a kwalba a masana'antar nan, manaja ya ba ni kujerar kwanturolar kuɗi, ba takardar da za ta wuce sai da sa hannuna. Kai da ka tsufa a aikin akanta, ba ni shawara. Kada dai ka ce in ƙi, don na riga na karɓa.

Ƙanwarka, Ljubinka

Niš, 11 ga Satumba

Ljubinka,

Ina gaishe ki da mutan gida. Tunda kin yanke, me ya rage mini? Ki iya rufe lissafin wata kafin ki iya ɗaga murya, ki kuma zaga sito da ƙafarki. Idan kaka ta yi, Radoje mai sito zai kawo miki takardar kwalaben ajvar, miyar barkonon nan da kuke yi, da wai suka fashe. Ki sa hannu. Ni da ke mun san kowace ma'aikaciya ce ke tafiya gida da katan guda na kwalaben nan tun zamanin da Mama take aiki a can, da shi muka ci burodi muka girma. Radoje kuma kum ɗinki ne, shi ya tsaya miki ranar aure. Ba a kunyata kum.

Ki huta lafiya, yayanki

Leskovac, 24 ga Oktoba

Yaya,

Ina gaisuwa. Ban sa hannu ba. Radoje ya ce, "Jiya-jiya kike ɓare barkono, yau kin zama hukuma?" Na ce, "Kum, nuna mini ko gilashi ɗaya da ya fashe." Ya fita bai rufe ƙofa ba.

Na gaya wa manaja a rubuta katan ɗin da sunansa na gaskiya, kyautar ma'aikata. Ya ce idan masu kamfani suka gani a Belgrade za su iya sokewa, matan su rasa, ni ma kujerar ta tafi. Na ce a aika.

Muna yara, kai kana makaranta, ni ce nake jiran Mama a ƙofar bayan masana'anta. Takan lulluɓe katan ɗinta da tsumma, tana waige-waige kamar ɓarauniya, alhali hannunta duk ƙunar barkono ne. Har yau abin yana ci mini rai. Ba zan rubuta ƙarya don wata ta ci gaba da sunkuyar da kai ba.

Taka, Ljubinka

Leskovac, 20 ga Disamba

Yaya,

Barka da sanyi. Da rabin katan kawai masu kamfani suka yarda a ba kowace ma'aikaciya. Matan sun daina zama kusa da ni wurin cin abinci, Radoje kuma bai gayyace ni bikin waliyyin gidansu ba, karo na farko. Ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye maka ba.

Nawa rabin ta babbar ƙofa na fita da shi, a buɗe, har mai gadi ya riƙe mini ƙyaure. Ga kwalba biyu nan na aiko maka. Ka ci, ba su fashe ba.

Ƙanwarka, Ljubinka