Rodin da Ya Faɗo Daga Tifa

Zuwa ga Maman Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da Auta. Ya jikin Mama? Ta fara taka ƙafar kuwa? Allah ya ƙara sauƙi, ya ba ki ladan jinya. Na yi ta neman ki a waya, amma kin san halin layin wajenku, sai mutum ya hau bishiya. Shi ya sa na koma biro da takarda, direban motar kasuwa zai miƙo miki.

Kada hankalinki ya tashi, ga ni nan garau. Shekaranjiya da safe na gama kwasar yaran makaranta, bas cike, suna ta surutunsu, na hau babban titi a bayan wata tifa mai ɗauke da ɓaraguzan gini, ko tamfol ba ta rufa ba. Tana faɗawa rami sai na ga guntun rodi ya taso sama yana juyi. Kafin in yi wata-wata ya daki gilashin gaba, daidai saitin fuskata. Bai shigo ba, a jikin gilashin ya maƙale, amma garin gilashi ya watso mini. Na runtse ido ɗaya, na ƙanƙame sitiyari, na lallaɓa na gangara gefe. Babu yaron da ya samu ko ƙwarzane, alhamdu lillahi. Sun yi kuka, can kuma suka koma gardamar wanda ya fara ganin ƙarfen. Mai tifa ko ya yi gaba abinsa, ban ma ce ya san an yi ba.

Idona na dama yana mini kamar an zuba yashi. Na wanke da ruwa, mai kemis ya ba ni na ɗigawa. Ciwon ido sai haƙuri.

Abin da ya kwantar mini da hankali inshora ce. Kin tuna mitar da kika yi lokacin da makaranta ta tilasta mini yin babbar, wadda ta haɗa har da jikin mota? To yau ga ranarta, sai ki ba ni haƙuri. Gobe zan je ofishinsu. Shugabar makaranta ta samo wata bas da za ta riƙe yaran kafin ƙarshen mako.

Gida ya yi mini faɗi. Na ƙona miki ƙaramar tukunya, gara in faɗa da bakina. Ki gaishe da Mama, ki shafa mini kan Auta.

Naki har kullum,
Dogo

*

Maman Auta,

Gaisuwa da fatan kun tashi lafiya. Takardarki ta iso, na ji daɗi da Mama ta fara zama da kanta. Faɗan da kika yi mini kan ido ma na ji shi, har muryarki na ji a cikin rubutun. Zan je asibiti, a bar ni in gama da mutanen nan tukuna.

Ofishin nasu yana hawa na sama, sanyi kamar cikin firij, kujeru masu laushi. Yarinyar da ke kan tebur tana da fara'a, wallahi ba zan ce ta wulaƙanta ni ba. Ta ce in kawo rahoton 'yan sanda. 'Yan sanda suka ce in ba su lambar tifar. Na ce mutumin da gilashi ya cika wa ido, ga 'ya'yan mutane suna ihu a bayansa, ina ya ga ta karanta lamba? Da ƙyar suka rubuta. Na koma da rahoton, aka ce saura hoto. Na kai hoto, aka ce ina rodin, don a hoton rami kawai ake gani. Ashe makanikena da ya zare shi don kada ya soki wani, laifi ya yi. Mun wuni muna tonon tarkacen gareji kafin muka gano shi. Da kin gan ni a motar haya rungume da guntun ƙarfe kamar jariri, da kin yi dariya.

Yanzu an ce kada a taɓa motar sai mai duba ɓarna ya zo ya gani da idonsa. Kullum yana hanya. Mai gilashi na bakin kasuwa ya ce yana da na hannu, zai sa mini a wuni ɗaya in koma aiki. Na tambayi kamfani, suka ce in na sa, to na yafe haƙƙina ke nan. Na kwana ina juya maganar. Shekara da shekaru ina biyan su ban taɓa karɓar ko allura ba, yanzu kuma in bar musu? Zuciyata ta ƙi. Na ce zan jira.

An yi ruwa, ledar da na liƙa a gilashin ta ɗaye, kujerun gaba sun jiƙe suna wari. Mai bas ɗin da ke riƙe mini yara kuwa na ji an ce har alewa yake raba musu.

Idon ya yi ja, ba ya son haske. Da tabarau baƙi nake yawo, maƙwabta suna ta tsokanata wai na zama ɗan gayu da tsufa.

Ki gaishe da kowa.

Dogo

*

Maman Auta,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Mama da jiki. Ya ƙoƙari? Allah ya saka miki.

Na je asibitin. Ba don raina ya so ba, ciwon ne ya kai ni, ya riƙe mini rabin kai har ba na iya sunkuyawa. Likitar ta haska idon, sannan ta tambaye ni yaushe abin ya faru. Da na faɗa mata sai ta ajiye fitilar ta dube ni. Ta ce ɗan tsinin gilashi ne ya shige ciki, wurin ya yi ruwa, kuma da a ranar na zo, da zance ya sha bamban. Ban iya ce mata a layin ofisoshi na ƙarar da kwanakin ba. An yi mini aiki, an cire shi, an rufe idon da auduga. Ƙanena ne ya zauna da ni, kada ki ce za ki baro Mama ki taho.

Ina kwance mai duba ɓarna ya zo. Ƙanena ya buɗe masa gareji. Ya gaya mini mutumin ko zama bai yi ba, ya zagaya bas ɗin, ya ɗauki hoto, ya tafi. Rodin da muka sha wahalar nema ko kallonsa bai yi ba.

Da aka sallame ni na sa ƙanena ya raka ni ofishin, na tambaye su batun magani. Yarinyar nan ta buɗe takardun tana nuna mini da biro, muryarta ƙasa-ƙasa. Inshorar ta ɗauki nauyin mota, ta ɗauki na yaran da ke ciki, ta ɗauki na duk wanda na buge a hanya. Direba ne kawai ba ya ciki. Ta ce akwai wani tsarin daban na direba, da na nema da an yi mini. Na ce ai ba wanda ya gaya mini. Ta ba ni haƙuri, kuma na ga alama har zuciyarta ne. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Ki yi mini addu'a. Mako mai zuwa za a buɗe idon.

Mijinki,
Dogo

*

Maman Auta,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kuna lafiya. Ki yafe mini jinkirin amsa, na sha ɗaukar biro ina ajiyewa.

Kamfani ya amince. An sa gilashi sabo fil, na asali, da sabuwar roba, mai sawar har goge shi ya yi da tsumma yana yaba aikinsa. Bas ɗin ba ta taɓa yin kyau haka ba.

Idon kuwa an buɗe. Ina gane rana da inuwa, shi ke nan. Likita ta ce a ci gaba da magani saboda ciwo, amma kada in sa rai. Ta ce na hagun ma in lallaɓa shi, don shi kaɗai ke ɗauke da ni yanzu.

Duk da haka na gwada. Da safe na tayar da mota, na ce bari in zagaya unguwa. Ƙofar garejin nan da nake fita ko ba na kallo, sai da na goge ta da gefen dama. A kwanar kanti na taka birki ina ganin mai keke yana nesa, ashe hannunsa na kan bonet. Bai zage ni ba, ya dai tsaya yana kallona. Na kashe mota a wurin, na tuna ƙananan nan da ke tsallako mini ta gaba da jakunkunansu, kansu bai kai fitila ba. Makanike ne ya zo ya mayar da ita gida.

Na je na sami shugabar makaranta da kaina, don kada in bar ta da nauyin sallamata. Ashe tuni iyaye sun sa hannu da wancan mai bas ɗin. Ta raka ni har bakin ƙofa, ta ce ba za su manta da abin da na yi ranar ba.

Maman Auta, tun ina saurayi ban san wata sana'a ba sai tuƙi. Ina zaune a tsakar gida ina tunanin abin da mai ido ɗaya da shekaruna zai fara, ban samo ba. Ba na son in yi miki ƙaryar cewa na samo.

Yayanki ya taɓa cewa yana sha'awar bas ɗin. Ki tambaye shi ko har yanzu yana so, ki ce masa gilashin sabo ne. Kada ki gaya wa Mama, ta ji da nata. Auta kuma ki bar ni in faɗa mata da kaina idan kun dawo.

In za ki ba ni amsa, ki ɗan manyanta rubutun.

Naki,
Dogo