Na Saki Matata Saboda Kumburin Idon Mahaifiyata

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da duk wanda zai karanta. Don Allah a ɓoye sunana. Ni ne mai laifi a wannan labari, na faɗa tun daga farko don kada wani ya wahalar da kansa wajen nema min uzuri, ba ni da shi. Roƙona kawai ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke min hukunci, domin shawara nake nema kuma lokaci ya ƙure min.

Ni mutumin wani ƙauye ne a wajen Dutsi, shiyyar Daura. Da damina ina noma, da rani ina bin kasuwanni da awaki da tumaki. Karatuna bai wuce sakandare ba. Ni ne ɗan fari a wurin mahaifiyata, Inna, kuma duk wanda ya san tsofaffinmu ya san abin da hakan ke nufi. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, "yaron nan" take ce min har na fara furfura a gemu. In na shiga gaishe ta kanta yana ƙasa, ta amsa a taƙaice, in tashi. Kunyar ɗan fari ce, haka muka taso muka gani. Matata kuma, bari in kira ta Hadiza ko da yake ba sunanta ba ne, 'yar garin Babban Mutum ce. Shekararmu shida da aure, muna da 'ya ɗaya, takwarar Inna, muna kiranta Ummi. Gida ɗaya muke da Inna tun rasuwar mahaifina.

Shekara biyu da suka wuce idon Inna ya fara ciwo. Kullum da safe sai ta tashi fatar idonta ta kumbura suntum, gefen ya yi ja, kwantsa ta manne gashin idon. Da rana kuma hawaye ya yi ta zuba, tana sharewa da bakin mayafi. Duk wanda ya gan ta zai rantse ta kwana tana kuka. In na tambaye ta sai ta sunkuyar da kai ta ce ba komai, idonta ne. Ni kuwa sammako nake yi zuwa kasuwa, sai bayan la'asar in dawo, ban san yadda ake wuni a gidana ba.

Hadiza ce ta fara kawo min magana. Ta ce da ta kai Ummi rigakafi ta yi wa wata ma'aikaciyar asibiti bayanin idon Inna, matar ta ce a riƙa ɗora mata tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi safe da yamma, a raba ta da hayaƙi, a dakatar da kwalli, sannan a kai ta wurin likitan ido. Ina ɗaure akuya nake sauraronta. Na ce mata yaushe ta zama likita, na ce sai bayan Sallah in kasuwa ta lafa. Sallah ta zo ta wuce, wata ma ta zo, ban kai ta ba. Ita dai Hadiza ta ci gaba da abin da aka gaya mata. Ta ɗauke tandun kwallin Inna ta ajiye a ɗakinta. Ta hana ta zama bakin murhu, inda ta saba zama tana tura kara a wuta. Kowace safiya kafin in fita ina jin ƙarar ruwa a tsakar gida, tana matse tsumma a cikin wata 'yar tasa.

Sai ƙanwar mahaifina, Gwaggo, ta zo mana kwana uku. Ranar da za ta koma ta tare ni a zaure. Ta ce ashe haka na lalace? Ta ce ta ga da idonta, matata ta ƙwace wa uwata kwalli, ta kore ta daga madafi a gidan mijinta, kuma kowa a garin nan ya san kuka take kwana yi, ni kaɗai ne ban sani ba. Na ce ai Inna ta ce ba komai. Gwaggo ta riƙe haɓa ta ce, "Kai ɗan fari ne fa. Kana tsammanin za ta buɗe baki ta kai maka ƙarar matarka? Ko yanka ta ake yi, ba komai za ta ce maka."

Jama'a, maganar nan ta shige ni. Daga ranar duk abin da Hadiza ta yi sai in gan shi a karkace. In na ga Inna zaune ita kaɗai a inuwa nesa da murhu, sai in ce an ware ta. In na ga idonta ba kwalli, ya yi fari fat a kumbure, sai zuciyata ta tafasa. Me ya hana ni tuna abin da Hadiza ta gaya min ina ɗaure akuya? Na tuna mana. Sai na ce wa kaina dabara ce ta shirya tun da wuri don ta rufe bakina. A kasuwa wani abokin fataucina ya ce min cikin raha, mai gida a riƙa duba tsohuwa dai. Ban san ko da wata manufa ya faɗa ba, amma ranar na dawo gida na rubuta mata saki ɗaya. Ba ta yi gardama ba. Ta karanta, ta dube ni, ta ce to ruwan Inna yana kan wuta, kada a bari ya yi zafi da yawa. Ta goya Ummi ta fita. Daga baya na ji cewa Inna ta aika a gaya wa yaron nan ya bi a hankali, yarinyar ba ta yi mata komai ba. Gwaggo ta ce kun ji irin kawaicin nata ko, har yanzu rufa mata asiri take yi.

Bayan tafiyarta idon ya ƙara lalacewa. Inna ta koma bakin murhu tunda babu mai dafa mana, kwalli ya dawo, tsumma ya bushe a jikin ƙusa. Da ta kai ba ta iya buɗe ido da safe sai an jiƙa mata, na ɗauke ta zuwa asibitin ido a cikin Daura. Likitan ya haska, ya danna gefen fatar, ya tambaye ta ko tana jin kamar an zuba mata yashi, ta ce ƙwarai. Ya ce bushewar ido ce. Na ce likita, idon da ke zubar da ruwa wuni guda shi ne ya bushe? Ya yi min bayani cewa akwai wasu 'yan ƙananan ƙofofi a bakin fatar ido masu fitar da maiƙo, in sun toshe sai fatar ta kumbura, danshin idon ya riƙa ƙafewa da wuri, idon ya yi ta raɗaɗi yana kwararo da hawayen da ba ya tsayawa. Ya rubuta maganin ɗigawa. Sannan ya ce a riƙa ɗora mata tsumma da ruwan ɗumi safe da yamma, a raba ta da hayaƙi, a ajiye kwalli tukuna. Wallahi da zai ɗaga kai ya dube ni a lokacin, da ya tambaye ni ko ni ma ba ni da lafiya.

A mota muna dawowa, Inna tana kallon waje ta taga, ta yi maganar da ta fi kowace tsawo da ta taɓa yi min. Ta ce, "Yarinyar nan haka take yi min. Ba ta taɓa fashi ba."

Ga inda babban laifina yake, wanda ba kowa ya sani ba. A ranar saura kusan wata guda iddarta ta cika. Kalma ɗaya ta isa in mayar da matata. Ban faɗa ba. Da muka iso aka tambaye ni me likita ya ce, na ce ciwon tsufa ne, an ba da magani. Na ji nauyin a ce na saki mace a kan banza, na ji nauyin ƙaryata Gwaggo, na ji kunyar abokan kasuwa. Kullum in ce gobe, har idda ta cika. Ni na koma dafa ruwan da kaina ina miƙa wa Inna daga bakin ƙofa, kumburin ya ragu, mutane suka ce kun gani, tunda aka rabu da muguwar matar nan, tsohuwa ta daina kuka. Ina ji, ina shiru. Wane irin mutum ne ke yin haka?

Kwana talatin da huɗu ke nan da rasuwar Inna. Zazzaɓi ne na kwana biyar, ba idon ba. A kwanakin ba ta gane mutane sosai, amma duk wadda ta taɓa mata fuska sai ta ce, "Hadiza, ruwan ya yi daidai." Ranar sadakar uku Hadiza ta zo gaisuwa daga Babban Mutum da Ummi a hannu. Ina zaune a ƙofar gida cikin maza, na ji muryar Gwaggo daga ciki tana cewa ta zo ta ga ƙarshen aikinta ne? Wata ta ce a bar ta ta shiga, ai yanzu babu idon da za ta sa kuka. Hadiza ta fito ta wuce ta gabana, Ummi tana waiwayena. Na sunkuyar da kai ina jan carbi kamar ban gani ba.

Tun daga ranar ban samu sukuni ba. Kowace safiya in na dawo daga masallaci sai in ji ƙarar matse tsumma a tsakar gida, in leƙa, babu kowa, tasar tana kife inda na bar ta. Na kasa cire tsumman daga jikin ƙusa. Kuma yanzu nawa idon ya fara, fatar tana kumbura, yana min yashi-yashi, yana zubar da ruwa a kasuwa. Na san sunan ciwon, na san abin da ake yi masa, amma in na ɗora ruwan a wuta sai in kasa jiƙa tsumman. Mutane suna ce min in yi haƙuri, rashin uwa sai haƙuri, suna yaba min irin son da nake yi mata.

Shekaranjiya na kasa daurewa na tafi Babban Mutum. Mahaifinta ya karɓe ni a zaure, bai nuna min komai a fuska ba, ya sa aka kira ta, ya tashi ya ba mu wuri. Ta tsaya daga bakin ƙofa. Na durƙusa na gaya mata duk abin da likita ya ce, da ranar da ya faɗa, da abin da Inna ta ce a mota, da sunan da ta yi ta kira a ƙarshe. Na ce, "Hadiza, na zalunce ki, kuma na san na zalunce ki tun iddarki ba ta cika ba, na yi shiru. Ba ki taɓa sa Inna kuka ba. Ki yafe min don Allah."

Ta ce tsakaninta da ni ta yafe, kuma ta gode da na gaya mata Inna ta kira ta. Ta ce, "Amma Baban Ummi, a gaban mata cike da gida aka zage ni, kai kuma a zauren da babu kowa kake wanke ni. Yarinyar nan za ta girma ta ji abin da ake faɗa a kan uwarta." Ta dubi fuskata ta ce in riƙa sa ruwan ɗumi, ta koma ciki.

Ranar Juma'a mai zuwa za a yi sadakar arba'in, duk dangi za su taru, har Gwaggo, wadda ta haura saba'in kuma ita kaɗai ta rage min a wajen uba. In na miƙe na faɗi gaskiya, na kunyata ta a gaban 'ya'yanta da jikokinta a ranar addu'ar Inna, kuma kowa zai san na fi shekara ina ɓoye abin da na sani. In na yi shiru, an watse ke nan, kuma ban san ranar da za a sake taruwa haka ba. Ba na neman ta dawo, ban isa in nema ba. Sunanta nake so in mayar mata.

Saura kwana shida. Don girman Allah, me zan yi?