Baƙon da Ya Zo Daga Kwara

Asabar, 24 ga Safar, 1310

Bismillahi. Ni Mutari ɗan Amani, wanda ya aje allo a izu biyar ya kama hauya, yau na zama marubuci. Fatar akuya na ba wani falke a kasuwar Tasawa ya ba ni takardun nan. Zara'u, uwar 'ya'yana, ta ce da akuyar za ta ga rubutuna sai ta nemi a maida mata fatarta.

Dalili: baƙo. Shekaranjiya ya shigo garinmu Hawandawaki tare da fataken Kano. Tsoho ne dogo, kai fari fat, da sanda da ɗan ƙunshi. Ya yi sallama ƙofar gidanmu ya ce shi ne Jibo, wan babana, babban ɗan Kaka Hajjo, wanda mahara suka ɗauke a gona tun babana na goye. Mu Jibo a labari muka san shi, kamar dodo. Wai daga Lakwaja yake, bakin kogin Kwara. Kuma ba wanda ya tambaye shi, ya ce shi mai bin Isa Almasihu ne, addinin Nasara. Liman ya yi salati ya ja rigarsa.

Mai gari ya yanke: ya zauna zaurenmu har a gama kai hatsi rumbu. In ya tabbata ɗan gida ne, ya zauna. In ba haka ba, ya bi fatake in sun juya kudu.

In kuwa ɗan gida ne, gonar gawo da nake nomawa tasa ce kafin ta zama tawa, tunda babana ya rasu. Wannan ba wanda ya faɗa. Ni na faɗa wa kaina.

Zan rubuta abin da tsofaffi suka tuna, in rubuta nasa, in gwama. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Lahadi, 25 ga Safar

Kowa ya tafi gona. Baƙo ya ce yau ranar hutunsa ce. Ya durƙusa a zaure ido rufe, ba alwala, ba alƙibla, yana magana ƙasa-ƙasa kamar mai hira da aboki. Da ya gama na ce, Malam, wanga addini naku akwai wurin mutum guda? Ni ma hutun nake so. Ya yi dariya. Dariyarsa ba irin ta gidanmu ba ce.

Tsagar fuskarsa irin tamu ce, amma rabin Tasawa haka suke.

Talata, 27 ga Safar

Na fara da Kaka. Ƙafa ta tsufa, ba ta wuce bakin ɗaki, amma bakin nan bai tsufa ba. Na ce, amarya, ga mijinki ya zo ɗaukar labari. Ta ce, "Miji ba goro? Rago, matsa ka ba ni iska."

Ga abin da ta ba ni. Kakanninmu daga Katsina suka watso. Uban mijinta bai yi salla ba har ya mutu, baƙin bunsuru yake yankawa gindin tsamiya kafin shuka. Mijinta ne ya fara kai goshi ƙasa a gidan nan, shi ma sai da aka yi masa ba'a shekara guda. Gidanmu ba a cin damo, don damo ne ya nuna wa kakan farko inda ruwa yake, ya haƙa rijiya.

Na kawo ta kan mahara. Ta ce shekarar fara ce, da hantsi, dawaki suka fito daga gabas, aka tafi da yara, har da... Na ce har da wa? Ta ce, "Har da na gidan nan." Na ce, to na zauren can, shi ne? Ta jefe ni da ludayi, ta ce wa ya koya mini tsaurin ido.

Ranar da ya zo ma haka. Ya durƙusa bakin ɗakinta yana gaisuwa, ta ja zane ta rufe kai ta juya ta fuskanci bango. Uwa ta ga ɗanta bayan shekarun nan ta juya baya? Ko tunkiya ta san ɗanta.

Jumma'a, 1 ga Rabi'ul Awwal

Yana cin tuwo kamar wanda zai gaji rumbun.

Litinin, 4 ga Rabi'ul Awwal

Yau nasa. Ya zauna ya miƙe ƙafa, ya ce in rubuta sannu, kada in zubar masa da rayuwa a ƙasa.

Igiya a wuya har Kano. Daga Kano aka sayar da shi Nufe, ya yi dako, ya tuƙa kwalekwale har gemunsa ya fito. Ya gudu, ya faɗa Lakwaja inda koguna biyu suka haɗu, wai akwai jirgi mai hayaƙi da ke hawan ruwa ba mai tuƙi. (Wannan na sa masa alama. Jirgi ba tukunya ba ne.) Can wani malamin Nasara, baƙar fata kamar mu, wanda shi ma an taɓa sayar da shi, ya wanke masa gyambon ƙafa da hannunsa.

"Ba don wayo na bi ba, ɗana. Na ce masa don mi kake taɓa ruɓaɓɓen bawa? Ya ce Ubangijinsa ma ya wanke ƙafafun mabiyansa. Na ce wanga Ubangiji ina so in san shi."

Suka nutsa shi a ruwa suka ce masa Yusufu. Na ce, wanda aka sayar? Sun iya zaɓen suna. Matarsa ta rasu, 'ya'ya ba wanda ya tsaya. Ya ce ya zo ne ya kwanta inda aka binne cibiyarsa.

Na ce masa "ɗana" ɗin nan ya ɗan riƙe shi tukuna.

Kamu na farko: shi ya ce shekarar ruwa mai yawa ce. Kaka ta ce ta fara.

Alhamis, 7 ga Rabi'ul Awwal

Na je ruga wurin tsoho Bube, wanda suka yi ƙuruciya da Jibo. Na ce shekarar fara ce ko ta ruwa? Ya ce shekarar da jar saniyar babansa ta haifi biyu ce. To, madalla.

Amma ya ce Jibo na da tabo a ƙaurin hagu, bijimi ya tunkuye shi. Na jawo shi har gida. Baƙo ya ɗaga wando ba musu. Tabo kan tabo, na marin ƙarfe, na gyambo, na bulala. Bube ya duba ya duba, ya ce, "Kaɗo, ƙafar nan ta sha rubutu fiye da takardarka. Ni ban iya karanta ta ba." Suka zauna suna hirar shanun da suka mutu tun ban zo duniya ba. Kowa zai iya yin hirar shanu da Bafulatani, sai dai ka ce "haka ne."

Laraba, 13 ga Rabi'ul Awwal

Na ɗana tarko. Na sa maƙwabci ya dafa damo, don Zara'u ta rantse ba a tukunyarta ba. Na kai masa na ce zabo ne.

Ya sansana. "Damo ke nan." Na ƙura masa ido. Sai ya sa hannu ya ci!

Ya ce ya san gidanmu ba a ci. A hanyar Nufe yunwa ta sa ya ci, ya zauna yana jira ya kumbura, bai kumbura ba. Ya ce yanzu tsoron abinci ya fita ransa, amma in zai ɓata wa mutan gida rai ba zai ƙara ba.

Ya sani, ɗan gida ke nan. Ya ci, ba ɗan gida ba ke nan. Tarkon ya kama ƙafata da tasa. Wa ya gaya masa zancen damon? Zara'u nake zargi. Ko Bube. Ko ni, in ina magana cikin barci.

Lahadi, 17 ga Rabi'ul Awwal

Ranar hutu, amma ya taka har gonar gawo. Na bi shi daga nesa, ina laɓewa cikin hatsi kamar ɓarawon kaina. Ya dafa gawon ya daɗe. Ya taka gabas, ya tsaya. Ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Fito, ɗana, zangarniya ba ta tari." Wai nan yake tsaye yana korar tsuntsu da dawakin suka zo.

Ni dai awon gona na gani.

Asabar, 23 ga Rabi'ul Awwal

Yarinyar nan tawa, babbar, ita ke kai masa tuwo, ta fara ce masa Kaka. Na ce wa uwarta ta gaya mata ta daina. Zara'u ta ce, "Ga Hindu nan gabanka, gaya mata da bakinka mana." Ni? Allah ya sawwaƙe. Na tashi na ba su wuri, suna ta dariya.

Ana ta ɗaurin damma. Hatsi ya yi kyau bana, gonar gawo ta fi kowace. Da ma ta ɗan yi muni.

Talata, 3 ga Rabi'ul Ahir

Zazzaɓi ya kwantar da shi. Ya ƙi rubutun sha, ya ce a gode wa liman. Yana ta kiran Isa.

Da hantsi na ga ƙwaryar kunun tsamiya a zaure. Zara'u ta ce Kaka ce ta dama da hannunta, ita da rabonta da murhu tun rasuwar babana. Ta ce, "Kai wa wancan." Wancan! Ko suna ba ta ba shi.

Na ɗanɗana, ko ta sa wani abu na korar baƙo. Kunu ne kawai. Ni ba ta taɓa sa mini zuma haka ba.

Alhamis, 12 ga Rabi'ul Ahir

Hatsi ya shiga rumbu, fatake sun ɗaura wa jakuna kaya. Mai gari ya zo da liman da dattawa, suka zauna bakin ɗakin Kaka. Baƙo na gefe, ya rame, ƙunshinsa a ɗaure.

Aka ce in faɗi abin da na tara. Na gyara murya kamar alƙali. Na kawo fara da ruwa, mai gari ya ce shekarar an yi duka biyun. Na kawo damo, aka yi dariya. Sai na saki babbar kibiyata. Na ce, tun zuwansa uwar da yake iƙirari ba ta dube shi ba. Ba ta amsa gaisuwarsa ba. Sunansa bai taɓa fita bakinta ba, sai wancan. In ya gitta ta rufe kai. Alhali mai tallar gishiri ma in ya shigo sai ta san sunan kakarsa.

Na ce a raina na gama da shi.

Mai gari ya ce, "Mutari, ɗiyarka ta fari, mi ne ne sunanta?"

Na buɗe baki. Na rufe. Na duba ƙasa.

Liman, don a cika shari'a, ya ce, "Inna Hajjo, wanga mutum ɗanki ne Jibo?" Ta ja zane har ƙirji ta juya bango, daga ciki ta ce, "Ku ji mini rashin kunya! A gabansa za ku tambaye ni?"

Bube ya fara dariya har da riƙe ciki. Baƙo bai yi dariya ba. Ya kife fuska cikin tafin hannu, kafaɗunsa na rawa.

Ni na ɗauka kunyar ɗan fari ta ƙuruciya ce. Ban san tana jira har furfura ba. Ashe duk wannan lokaci shaida nake tara masa, da fatar akuyata.

Liman ya ce to sallarsa fa? Mai gari ya ce masu yanka gindin tsamiya ma suna cikinmu ba mu kore su ba. Ya yi tasa a zaure, Allah ya san nasa.

Jumma'a, 13 ga Rabi'ul Ahir

Fatake sun tafi. Baƙo na nan, zancen gona bai yi ba. Wayo ne, jira yake in fara.

Lahadi, 22 ga Rabi'ul Ahir

Na ce wa matan su kai turmi bayan gida yau. Ba don kowa ba, kaina ke ciwo.

Gefen gawon na gabas na ce ya riƙe in damina ta zo. Wurin duk tsuntsu ne da ma. Ya ce ƙarfinsa bai kai ba, sai dai mu noma tare ban da Lahadi. Ka ji fa. Har yanzu idona na kansa.

Da la'asar muka koma kan labarin Kwara, saura takarda biyu. Ya ce a fito inuwar darni. Muna cikin yi na ji motsi a bayan zana. Kaka ce, ta jawo tabarmarta da kanta, ta zauna ta ba mu baya, wai tana tsince wake. Tsakaninsu bai fi a miƙa hannu ba.

Can ta ce, "Kai, ragon miji. Tambayi wancan, can ɗin ana ba shi abinci ya ƙoshi?"

Na tambaye shi, kamar bai ji ba. Ya daɗe yana duban ƙafafunsa. Ya ce, "Gaya mata kullum sai na bar saura."

Ƙarya ce. Na ga idonsa, ga kuma abin da ya faɗa mini a baya, yana nan a rubuce. Tun Safar nake neman in kama shi da guda, yau na kama.

Na gaya mata yadda Baba ya ce.