Ƙulli Uku a Ragayar Inna

Gumel, Litinin

Yaya Gudaji,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Inna da dabbobi. Wayarka kullum a kashe, shi ya sa na ba mai babur wannan takarda.

Tun zuwana ranar Juma'a hankalina bai kwanta ba. Innar da nake ɗaga kai in kalla, yanzu a kunnena ta tsaya. Kuma sau uku ta tambaye ni ko na ci abinci, alhali tare muka ci. Likitan da nake aiki da shi ya ce raguwar tsayin tsoho wani lokaci tana tafiya da raunin ƙwaƙwalwa. Ba tabbas ba ne, amma gara a duba da wuri. Don Allah ka kawo ta.

Ƙanwarka, Zuliha

Ɗanzomo, Laraba

Zuliha,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau muke. Ke dai tunda kika fara aikin asibiti kowa majinyaci ne a wurinki. Tsufa ai ya gaji ranƙwafawa. Matar da ta san shanunmu ɗaya bayan ɗaya da sunayensu ce za a ce tana mantuwa? Ba zan kai ta ba, gari ya ɗauka uwarmu ta taɓu. Ki gaida maigidan.

Yayanki, Gudaji

Gumel, Asabar

Yaya,

Bayan gaisuwa, ni ban ce ta taɓu ba. Shiga ɗakinta ka dubi ragayar da take rataye ƙwaryar nono. Ƙulli uku na gani a igiyar. Wa yake ƙara mata tsawo don hannun Inna ya kai? Tsoro nake ji, Yaya, kada wata rana ta fita ta rasa hanyar gida. In Alhamis ta yi ban gan ku ba, da mota zan zo in ɗauke ta, ko da za ka yi shekara ba ka yi min magana ba. Ka yi haƙuri da ni.

Zuliha

Ɗanzomo, Talata

Ƙanwata,

Salamu alaikum. Ni na ƙara igiyar, sau ukun nan, ban faɗa wa kowa ba. Jiya Inna ta tsaya gaban jar saniyar da ta rena tun tana maraƙa, wadda ita ta sa mata suna, ta juyo ta ce, "Gudaji, wannan ta wa ce?"

Ba sai kin zo ba. Ranar Alhamis ki jira mu a ƙofar asibiti, ni zan riƙo hannunta.

Gudaji