Inna, Na Matse Mai a Ƙasar Maroko

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda 'ya ke durƙusawa ta yi wa uwa, ina roƙon Allah ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. 'Yarki ce Hauwa'u, daga birnin Fas na ƙasar Maroko. Na san wasu ne za su karanta, ba ke ba, amma labari ya cika mini ciki, kuma ke na saba fara kai wa.

Kin dai ji farkon zancen kafin ki rasu, lokacin da surukinki Malam ya samu gurbin ƙaro karatu a nan. Ina tuna kina sheƙe gyaɗa a tsakar gida kika ce cikin wasa, "To ita Marokon, ta fi Dawanau nisa ne?" Inna, ta fi. Ta fi ƙwarai.

Bari in fara ba ki labarin unguwarmu. Lunguna ne tsukakku, sun fi na cikin birnin Kano ƙunci, mota ba ta shiga. Jakuna da alfadarai ne ke dakon komai, har tukunyar gas, in sun taho sai mutum ya manne da bango. Kowace mace a gida take kwaɓa burodinta, ta aika da shi gidan gashi na unguwa, a dawo mata da shi da zafinsa. Ranar Juma'a kuwa kowane gida kuskus ake turarawa, wani abu kamar dambunmu, a jibga masa kabewa da karas da nama. Da kin gani da kin ce gishiri ya yi kaɗan, na san ki.

Amma ba zan ɓoye miki ba, watannin farko sun yi mini nauyi. Kin san yadda ƙauyenmu yake a gefen Ɗambatta, gida na jingine da gida, gona na jingine da gona, ƙarar taɓaryar maƙwabta ce ke tashin mutum da safe. Nan kuwa Malam na fita makaranta sai in zauna ni da bango. Ɗan Larabcin da na koya a Islamiyya bai yi mini aiki ba, don nasu daban ne, kamar suna haɗiye rabin kalma. Maƙwabciyata ta gaishe ni, in yi murmushi kawai in shige. Ga sanyi, ga rashinki sabo fil.

Sai na ce wa Malam bayan Babbar Sallah zan koma gida wajen Yaya Binta, ya ƙarasa karatun shi kaɗai. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce in na tafi shi ma ba ya jin zai iya zama, ƙila ya ajiye karatun ya biyo ni. Kin san irin wahalar da ya sha kafin ya samu gurbin nan. Abinci ya daina shiga masa, ni kuma na ƙi sauya magana. A ƙarshe ya roƙe ni abu ɗaya, in bari hutu ya zo ya zagaya da ni ƙasar, kada in koma ban ga komai ba sai lungunmu.

Inna, na ga duniya!

Mun fara hawa kan duwatsu, wani gari inda ƙanƙara ke zuba daga sama kamar an watsa garin rogo. Ta rufe rufin gidaje, ta rufe bishiyoyi. Na ɗebo na ɗanɗana, ba ta da ɗanɗanon komai. Malam ya tsaya zai nuna mini yadda ake taka ta a hankali, santsi ya kwashe shi ya zauna daɓas, hularsa ta gangara can. Rabona da dariya irin wannan tun kina raye.

Daga nan muka shiga jirgin ƙasa zuwa Marakish. Ina manne da taga ina kallon gonakin zaitun a jere da alkama kore shar, ina ta lissafin yadda Baba zai yi da irin wannan ƙasa. A babban filin kasuwarsu na ga masu wasa da maciji, na ce ashe ko'ina da irinsu, na ja mayafina muka yi gaba.

Amma abin da ya sa na zauna rubuta miki ya faru ne a hanyarmu ta zuwa Sawira, wani gari a bakin teku. Muna cikin motar haya sai na ga awaki a kan bishiya. Wallahi Inna, a kan rassa, can sama, suna tsaye suna cin 'ya'yanta hankali kwance. Direba ya tsaya don fasinjoji su ɗauki hoto. Sunan bishiyar argan, tana da ƙaya, 'ya'yanta kamar aduwa. Ni kuwa 'yar manomi sai na yi nisa ina tsintar waɗanda suka faɗo ina dubawa, Malam ya biyo ni don ya kira ni. Kafin mu dawo bakin titi mota ta tashi, da jakarmu a ciki.

Muka tsaya cirko-cirko, ba gari kusa, motocin da ke wucewa ba mai tsayawa. Malam na ta salati yana duba waya. Ni kuma sai hancina ya jiyo wani abu. Na ce masa akwai gidan da ake suyar gyaɗa a nan kusa. Ya dube ni kamar yunwa ce ta taɓa ni, amma ya biyo ni. Muka bi wata 'yar hanya har wani gidan ƙasa a bayan tudu.

Mutanen gidan ba Larabci suke yi ba, yarensu na mutanen duwatsu ne. Wani magidanci mai ɗan jin Larabci ya saurari Malam, ya shimfiɗa masa tabarma a waje, ya ɗora shayi. Ni kuma wata tsohuwa da suke kira Lalla Fadma, mahaifiyar magidancin, ta kama hannuna ta ja ni ciki.

Inna, tsakar gidanki na shiga. Mata ne zaune a ƙasa. Wata na fasa ƙwallon argan ɗin nan da dutse, wata na soya ƙwayar a kasko, wata na niƙa, wata kuma ta sa ƙullun a gaba cikin kwano tana murzawa. Mai suke matsewa. Sak yadda kike yi da gyaɗa duk daren kasuwar Ɗambatta, sai dai ke a turmi kike juyawa, su da hannu.

Ban san lokacin da na tuɓe mayafi na wanke hannu ba. Na nuna kwanon, na nuna kaina. Suka dubi juna, suka matsa mini. Na fara murzawa ina yayyafa ruwan ɗumi, hannuna ya tuna komai da kansa. Da na ga man ya yi jinkiri sai na kai hannu zan ƙara ruwa da yawa, tsohuwar nan ta ɗan buge mini bayan hannu. A take na ji muryarki: "Kaɗan-kaɗan, Hauwa, ba kunu kike damawa ba."

Na rage ruwan, na ci gaba. Can sai ga mai ya fara tsattsafowa ta tsakanin yatsuna, ja-ja, mai ƙamshi, tunkuzar ta haɗe ta yi tauri. Matan suka rangaɗa guɗa, ashe su ma suna yi. Ni kuwa hawaye na zuba ina dariya. Lalla Fadma ba ta tambaye ni komai ba, dama da wane baki. Ta share mini fuska da gefen zanenta, ta gutsuro burodi ta tsoma a man da na matse, ta sa mini a baki.

Ɗanta ne ya kai mu Sawira a a-kori-kurarsa, muka tarar da jakarmu a tasha an ajiye mana, ko zif ba a taɓa ba. Sai ga teku. Ruwa ne har inda ido ya ƙare, yana tasowa yana komawa, iska na neman kwashe mini mayafi. Muna tsaye a bakinsa na ce wa Malam na fasa komawa gida. Ya sake tambayata don ya tabbatar. Daga nan ya wuce wajen masu gasa kifi ya sayo abin da mutum biyu ba za su iya cinyewa ba, ya kuma kusa cinye shi shi kaɗai.

Muna dawowa Fas na sayo gyaɗa. Ba turmi, ba taɓarya, da injin markaɗe da roba da muciya na yi, amma mai ya fito, ƙuli ya soyu. Ƙamshin ne ya sa maƙwabciyata Khadija ta ƙwanƙwasa ƙofa. Ta ciji ƙulin ya kusa cire mata haƙori, ta nemi ƙari. Yanzu kullum tana koya mini kalmominsu, ni ina koya mata daka yaji. Ita ta fara kai ni gidan wankansu na mata, inda aka cuɗe ni har na ji kamar an sake mini fata. Na iya cinikin kayan miya ni kaɗai, na daina ɓata a lungu. Ɗalibai 'yan gida da 'yan Nijar kuma sun gano ƙofarmu, ranar Juma'a ɗakinmu cike yake da Hausa. Lalla Fadma ta sa ɗanta ya kira Malam, wai za ta aurar da jikarta, dole in zo. Za mu je, daga can kuma mu gangara hamada, Malam ya yi alkawarin zai hau raƙumi ina kallo.

Saura magana ɗaya, wadda da kina nan a kunne zan raɗa miki, ina sunkuyar da kai. 'Yan makonnin nan ƙamshin suyar gyaɗa ya fara tayar mini da zuciya. Khadija ta dube ni sau ɗaya ta fashe da dariya, likita kuma ta tabbatar. Yanzu surukinki ne ke zaune gaban kasko yana juya gyaɗa, ni ina can nesa na toshe hanci ina ce masa kada ya ƙona. Ina ma kin gan shi, Innata. Ina ma kina nan kika ji.

Allah ya jiƙanki, ya gafarta miki, ya yalwata makwancinki ya haskaka shi. Allah ya saka miki da Aljanna kan duk abin da hannunki ya koya wa nawa. Ya sauke ni lafiya, ya ba ni ikon riƙe abin da zan haifa yadda kika riƙe mu. Amin.

Taki har kullum,
Hauwa'u