Sunan Baba a Manazarta

Zuwa ga 'yata Auta,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya, karatu kuma yana tafiya daidai. Bayan haka, jiya na leƙa shagon yayanki na tarar yana buga miki kundin digirinki a kan horon yara a makarantun firamare. Na zauna a bencinsa, na wuce kai tsaye shafin manazarta. Manyan furofesoshi suna nan, har da wani yaro da na koyar a aji uku lokacin majina na zuba masa. Amma littafina, "Bulala Uwar Tarbiyya", wanda na rubuta bayan na ajiye aikin hedimasta, ko ƙyallinsa ban gani ba. Kwalayensa suna ƙarƙashin gadon da kika girma a kai, don haka ba za ki ce ba ki san da shi ba. Na ɗauka mantuwa ce. A gyara kafin a ɗinke kundin.

Allah ya yi miki albarka.
Mahaifinki

Baba,

Ina gaishe ka cikin ladabi. Yaya ƙarfin jiki, yaya Umma? Wasiƙarka ta iso.

Ba mantuwa ba ce, Baba. Manazarta ba wurin gaishe da manya ba ne. Duk wanda sunansa ya fito a can ƙarshe, dole an kawo maganarsa a ciki an ɗora ta a sikeli. Na zaga makarantu, na zauna da malamai da yara, kuma abin da na gano ya saɓa wa littafinka daga bango zuwa bango. In na sa ka, sai na rubuta cewa ka yi kuskure, malamaina su karanta, a ajiye a laburare. Na tsallake ka ne don in rufa maka asiri.

Ka huta lafiya.
'Yarka Auta

Auta,

Bayan gaisuwa. Ki rufa mini asiri? Sata na yi? Na yi ta rubutun nan har yatsuna suka kumbura, yau kuma 'yar cikina ce za ta wuce ni kamar ta ga kututture a hanya. Wanda aka yi wa raddi an san yana raye. Wanda aka tsallake an binne shi ne da ransa.

Kuma da wane baki za ki musa? Buɗe shafi na sha huɗu. Yarinyar da na ba da labarinta, wadda ta kasa haɗa baƙi har sai da bulala ta buɗe mata kai, ke ce. Ga ki yau a jami'a. Ke ce babbar hujjata, kuma hujja ba ta tashi ta ƙaryata mai ita. Ko ki sa littafina, ko kada ki nemi fuskata ranar bikin yaye ku.

Wassalam.
Mahaifinki

Baba,

Barka da war haka, da fatan ka tashi lafiya. Na bi umarninka. Na sa ka, da cikakken suna da shekarar bugu da lambar shafi, ban rage maka komai ba. Na kawo labarin yarinyar nan kalma da kalma yadda ka rubuta shi.

A ƙarƙashinsa na rubuta abin da ba ka sa ba. Yarinyar ba daƙiƙiya ba ce, allo ne ba ta gani. A zangon da ka ce bulala ta yi aiki, a zangon ne Umma ta ja ni asibitin ido aka yanka mini tabarau. Kana ganinsa a fuskata kullum, amma ka ba bulala ladan. Malamin da ke duba aikina ya ja layi a wurin ya ce, "Wannan kuma daga ina kika samo? Ina madogararki?" Na ce, "Malam, ai ga ta a tsaye a gabanka." Sai ya nuna mini yadda ake sa irin wannan shaida.

Na daɗe ina jin zafin shafin nan, Baba. Har yau in aka daka mini tsawa sai na ɓoye hannuwana a baya. Ina son ka zo bikin, kuma in ba ka zo ba zan yi kuka. Amma ko wasali ɗaya ba zan cire ba. An ɗinke kundin, na aiko maka da naka ta hannun Yaya.

Allah ya ƙara girma.
'Yarka Auta

Auta,

Gaisuwa. Na karanta. Na tambayi uwarki, ta ce haka aka yi, ta ci gaba da shanyarta ko kallona ba ta yi ba.

Ban sauka daga ra'ayina ba, raddi ma na fara rubuta miki. Sai dai shafi na sha huɗu ba zai fito a bugu na biyu ba. Ki aiko mini da yadda ake rubuta sunanki a manazarta, kada in yi ba daidai ba. Ki kuma faɗa mini ƙarfe nawa ake fara taron.

Mahaifinki